Mai Safa

"Kada igiyar ta hau kan farin," in ji Malam Sada daga kan tabarma. "Sa tsumma tukuna."

Safiyanu ya kwance igiyar, ya naɗa tsumma, ya sake ɗaure tayar a bayan babur. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na tsohon, a Birnin Kudu. Mako uku ke nan Malam Sada yana roƙonsa wannan aike, shi kuma kullum gobe. Sai jiya da Mairama, matar tsohon, ta tare shi a ƙofa ta ce ko kunu ba ya wucewa, sannan kunya ta kama shi. Haka mutane suke. Ba sa motsawa sai sun hango likkafani.

"Baba, duk wannan wahala a kan tsohuwar taya?"

"Tsohuwar taya tana bola. Wannan mai safa ce."

Shekara arba'in Malam Sada yana faci a bakin titi, kuma bai taɓa yarda a yi wasa da sunan nan ba. Yaran yanzu duk tayar da ta kwana biyu sai su kira ta haka. Shi a wurinsa mai safa ita ce ta motocin da, mai farin zobe a gefe kamar ƙafar da ta sa farar safa, kuma da tif a cikinta. In babu farin, ko babu tif, ba ita ba ce.

Wannan ta zo hannunsa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Wani direba daga Gwaram, Abdulsalami, ya bar ta a yi mata faci, ya sa safaya ya tafi, ya ce zai dawo Lahadi. Bai dawo ba. Malam Sada ya yi facin, ya barbaɗa hoda a ciki don kada tif ya manne, ya rataye ta a bangon shago inda rana ba ta kaiwa. Duk Juma'a yana sauke ta ya goge, ya ƙara mata iska.

"Na ce mai kaya shi ke zuwa wurin mai faci," ya ce, numfashinsa yana yankewa. "Girman kai ne, Safiyanu. Gwaram ce fa, ba Makka ba. Ba na so a tashe ni da ita a wuya."

Safiyanu ya isa tashar Gwaram da hantsi. Ya tambayi Abdulsalami direba, aka nuna masa uku, babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu. Direbobin suka kewaye babur suna dariya.

"Malam, daga kabarin wa ka tono wannan?"

"Ka kai wa mai takalma, ya yanka maka silifa."

Rana ta yi zafi, ransa ya ɓaci. Ya kuwa tura babur ɗin har rumfar mai yanka taya yana yin takalma, wani dattijo mai ido ɗaya da ake kira Ɗanbala. A zuciyarsa ya gama shirya ƙaryar: zai bar ta nan, ya koma ya ce ya bayar. Wa zai sani? Mai mutuwa ba ya bincike.

Ɗanbala ya ajiye wuƙa, ya ɗaga tsumman.

"Kai! Mai safa!" Ya matsa ta da babban yatsa. "Har da iskarta. Ina ka samo?"

Jin sunan a bakin wani, yadda tsohon yake faɗinsa, sai Safiyanu ya fasa abin da ya shirya. Ya faɗi gaskiya.

"Mota ɗaya ce tak ta taɓa sa irin wannan a garin nan," in ji Ɗanbala. "Abdulsalami ya rasu tuntuni. Zazzaɓin kwana uku. Amma matarsa, Inna Turai, tana nan. Wuƙata ba za ta taɓa wannan ba, ɗauki mu je."

Motar tana tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ta nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ƙafa uku masu farin zobe duk sun tsattsage, ta huɗun baƙa. Inna Turai ta fito da sanda, ta daɗe tana kallon abin da aka jingina a gabanta.

"Ranar Asabar ya rasu," ta ce. "Yana ta cewa gobe zai je Birnin Kudu ya karɓo. Ban san shagon ba, ban san sunan mai facin ba. Na ce ya ji mutuwar ya sayar." Ta zauna a kan turmi. "Ɗan nan, na yi wa mutumin nan Allah ya isa ba sau ɗaya ba."

"Yana kwance, Inna. Ba lallai ya kai gobe ba."

"To me kake yi a tsaye? Ka ce na yafe masa jinkirin. Shi kuma ya yafe mini bakina. Tafi, ruwan ma ka sha a hanya."

Safiyanu bai tsaya ko'ina ba. Ana kiran la'asar ya jefar da babur a ƙofar gida ya shiga. An mayar da Malam Sada ɗaki, Mairama tana ɗiga masa ruwa da cokali. Safiyanu ya durƙusa kusa da kunnensa ya ba shi labarin duka, har da ƙaryar da ya so yi a rumfar Ɗanbala. Bai rage komai ba.

Tsohon ya buɗe ido.

"Na yafe mata." Ya kamo hannun Safiyanu. "Tayar ba ta sace a hanya ba?"

"Da iskarta na miƙa ta, Baba."

"Alhamdulillahi."

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada da Mairama take maimaita masa. Kafin rana ta faɗi ya cika. Da safe aka kai shi, masu babura da direbobi suka cika sahu, mutanen da ya yi shekaru yana yi wa faɗa a kan tafiya da taya ba iska.

Bayan addu'ar uku Mairama ta ba Safiyanu mabuɗin shago ya kwaso kayan aiki. Ya tattara famfo da libobin cire taya da gwangwanin sholisho, da ƙullin hoda da ya rage rabi. Da ya ɗaga kai, bangon duk ya yi baƙi da hayaƙi da maiƙon shekaru, sai wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙusa: zobe mai haske, daidai girman taya.