Mazauna Cikin Badi'a

Malam Uwaisu ya zazzage ledar magani a kan teburin likita, kafso ja-da-rawaya suka gangara har gefen takardu. Ya ce shi yake ba 'yarsa Badi'a duk Juma'a, damina biyu ke nan, don wanke mata ciki. Wani mai kemis ne ya ce masa yana kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa ba ya son ko ɗaya ta rage a jikin yarinyar. Ga shi yanzu ya ɗauko ta daga Garo, tana kwance a asibiti a Gwarzo, idanu sun yi rawaya, an ce hantarta ce ta kumbura.

"Likita, ni na jawo mata?"

Dakta Lailatu ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Ya ga wasu halittu masu kama da ƙwayar shinkafa, kowace tana fitar da 'yan mitsi-mitsin kumfa daga jikinta. Ta ce a hanjin kowa suke zaune, yawansu ya fi na mutanen duniya nesa ba kusa ba, kuma galibinsu masu amfani ne. Kumfar nan 'yan jakunkuna ne masu ɗauke da saƙo, wasu kan bi wata babbar jijiya daga hanji su isa hanta. Wani saƙon ya kwantar da ita, wani ya tunzura ta. Masana ma ba su gama gane su ba.

Shekara talatin yana noman rani. Ya san yadda ruwa ke barin kwamin shuka na sama ya shiga na ƙasa da duk abin da aka zuba masa. Bai taɓa zaton akwai irin wannan magudana a cikin ɗan Adam ba.

"Ni ma akwai su a cikina? Yanzu haka?"

"Yanzu haka, Baba. Suna ta aikinsu."

Ya dafa cikinsa a hankali. Ya yi tasbihi a ƙasan maƙoshi.

Likita ta ce kafso ba ya tambayar nagari da mugu, duk shara yake yi, hanta kuma ita ke wahalar tace shi. Akwai sauran gwaji, amma an zo da wuri. Hanta takan gyara kanta idan an bar ta, mazauna hanjin ma sukan dawo idan sun sami abinci, irin su wake da ganye da kindirmo mai tsabta. Ba ta ce ba laifinsa ba ne. Ya lura da hakan.

Bayan Azahar ya shigo ɗakin mata da kwano a rufe. Badi'a ta kawar da kai, ta ce bakinta ba daɗi. Ya zauna a bakin gado, ya ɗebo kindirmon a ludayi.

"Ko ke ba kya so, sha saboda su."

"Su wa, Baba?"

Ya nemi sunan da likita ta faɗa, ya rasa.

"Waɗanda na kora," ya ce. "Buɗe bakinki."