Namijin Dabinon Bakin Tafki

Jan fenti bai ko bushe a jikin dabinon ba lokacin da Malam Lado ya iso yana haki. Cikin itatuwa talatin da ɗaya da ke kewaye da tafkin, shi kaɗai aka shafa wa alamar sarewa.

"Ɗan nan, wa ya ce a taɓa wannan?"

Injiniyan 'yan kwangila, Abdulrauf, ya ɗan rusuna, don ladabi kam yana da shi. "Baba, masu 'ya'ya za mu bari su ƙawata wurin shaƙatawa. Wannan an ce bai taɓa haihuwa ba, ga shi kuma a kan layin titi."

"Namiji ne fa. Ina ka taɓa ganin namiji ya haihu?"

Leburori suka kwashe da dariya. Shi kuwa ba wasa ya kawo shi ba.

Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha, unguwar Bakin Tafki ba ta sake samun sukuni ba. Kakanni ne suka yi ta haƙar ƙasar gini a nan har ramin ya zama tafki, marina da magina tukwane suka zauna a gefensa. Rana ɗaya katafila ta kwashe su, aka ba su fili can hanyar Kiyawa. Malam Lado ma, da gidansa ke ciki, ya tattara kayansa ya bi su. Amma dabinon nan kakansa ne ya dasa, kuma duk shekara in fure ya fito, shi ke hawa ya yanko na namijin, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu a cikin nasu. In ba a yi haka ba, ba mai ganin dabino.

* * *

Kwana tara ya yi yana zarya a ofishin kamfanin, daga wannan benci zuwa wancan. A na goma wani akawu ya jawo takarda, ko ɗago kai bai yi ba.

"Buhu nawa itacen yake bayarwa a shekara?"

"Shi kansa ko ƙwaya. Amma sauran talatin ɗin..."

"Baba, ba inda zan rubuta amma a takardar nan." Ya zana sifiri, ya buga hatimi.

Takaici ya hana Malam Lado cin tuwo. Matarsa Gaji ta zuba masa ido. "Malam, sun rushe gidanmu ba ka tanka ba, sai a kan itace za ka kashe kanka?"

"Gida rani ɗaya ake gina shi, Gaji. Wannan shekara saba'in yake tsaye."

Ranar Talata aka sa masa zarto. Abin da bai kai tsawon sallar la'asar ba, an gama.

* * *

Wuri ya yi kyau, ba a ƙi gaskiya ba: shinge, fitilu, kujerun siminti, har da kwalekwale mai fenti. Matan dabinon kuwa shekara uku suna yin fure yana zubewa, sai 'yan ƙwayoyi marasa ƙwallo da ko tsuntsu ba ya kulawa. Manya suka ce cuta ce, aka sayo magani aka yi ta feshi.

A shekara ta huɗu haƙurin Malam Lado ya ƙare. Ya hau motar Buji, ya roƙo furen namiji a gonar wani amininsa, ya naɗo a tsumma kamar jariri. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi da sanda, ya nuna masa allo.

"An hana hawa itatuwa, Baba. In na bar ka, aikina ne ya tafi."

Bai ja da shi ba, ya gaji da bayani. Ya zagaya bayan shinge, ya tsaya daidai inda kwalta ta rufe kututturen, ya warware tsumman. Ya ɗaga furen iya tsawon hannunsa yana kaɗawa. Farin garin ya tashi, iska ta kwashe shi ta yi kan titi da shi, wajen motoci.