Sa Hannun Malam Munzali

Matar da ke zaune a ƙofar makarantar ta karɓi lasisin tuƙin Malam Munzali, ta dubi hoton, ta dubi mai hoton, sannan ta miƙa masa wata 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, ta ce ya liƙa a ƙirji. Ya liƙa ta a kan aikin babbar rigarsa, ko da yake rigar ta Juma'a ce, kuma daga masallacin garin Sterling, nan ƙasar Turawa, ya taho kai tsaye. Ƙarfe uku da kwata ta yi. Wa'adin kuwa ƙarfe huɗu ne.

'Yarsa Rumasa'u na jiransa a gindin matakala, ta rungume jakarta. Ta rusuna ta gaishe shi da Hausa kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, sauran maganar kuma ta kwararo ta da Turanci. Ta ce duk 'yan ajin sun mayar da tasu takardar, ita kaɗai ta rage. Akwai ɗalibai biyar da ke jiran gurbi a wannan aji na musamman, in huɗu ta buga babu sa hannu za a mayar da ita aji na gama-gari, kuma jami'o'in da take nema suna duba irin wannan.

"Abba, don Allah. Layi ɗaya ne fa."

"Layi ɗaya ne," in ji shi, "amma sunana ne zai hau kansa."

Takardar da ake magana a kai shafi shida ce, ta ƙa'idojin darasin adabin Ingila na ajin ƙarshe, wadda malamin ya raba ranar Litinin don iyaye su sa hannu. A al'ada uwar Rumasa'u, Hajiya Kaltum, ce ke gamawa da irin waɗannan takardu a kicin, hannu ɗaya da biro, ɗaya da ludayi. To bana Allah Ya ƙaddara ta tafi Kano duba mahaifiyarta, sai takardar ta faɗa hannun mijinta, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana fassara labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, wanda kafin nan ya daɗe durƙushe a zaurukan malaman Zariya, inda ya karanta babin shaida har sau uku.

Ya karanta ta da jan biro a hannu, kuma galibinta ta kwanta masa a rai. Wanda ya makara sau uku zai tsaya bayan an tashi. Wayoyi za su zauna a aljihunan da aka rataye a bakin ƙofa har a gama darasi. Aikin da aka kawo a makare zai riƙa rasa maki kullum. Wanda ya ɗauki maganar wani bai ambaci mai ita ba, ko ya sa na'ura ta rubuta masa, sifiri zai samu. A nan Malam ya rubuta "Madalla" a gefe, domin jingina magana ga mai ita amana ce tun kafin a gina wannan makaranta. Inda aka ce kashi ɗaya cikin biyar na maki yana ga yin muhawara da malami ne ya ɗan dakata, ya yi istigfari, sannan ya wuce, ganin cewa Rumasa'u ba ta bukatar ƙarin horo a wannan fanni.

Layin ƙarshe ne ya tsayar da shi: "Na karanta wannan takarda, na san littattafan da ke cikinta, na kuma amince da su." Littattafan takwas ne, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ranar Talata ya je laburare ya aro su duka. Yana karatu a jirgin ƙasa, yana karatu a lokacin cin abinci, amma zuwa Alhamis abin da ya iya saukewa shi ne wata tsohuwar waƙa wadda su kansu Turawan sai an fassara musu, da rabin wani wasan kwaikwayo da kowa a cikinsa ke neman ran ɗan'uwansa. Hajiya ta buga waya ta ce ya sa hannu ya huta, ita shekara goma sha biyu tana sawa ba abin da ya faru. Ya amsa mata cewa wannan wani zance ne daban, za su yi shi in ta dawo.

Malamin, Mista Raymond, dogo ne mai furfura, suka same shi a aji ya naɗe hannun rigarsa yana jera takardu. Ya nuna wa baƙonsa kujerar ɗalibai mai haɗe da tebur, Malam ya tattara babbar riga ya shige da ƙyar. Sai ya shiga gaisuwa yadda ta kamata a gaida malami: ya aiki, ya iyali, ya ɗalibai, ya haƙuri da namu. Mista Raymond ya amsa kowace ɗaya cikin mamaki, Rumasa'u kuwa idonta na kan agogon bango.

Da Malam Munzali ya gama bayanin abin da ya kawo shi, malamin ya yi murmushi ya ce kada ya damu, al'ada ce kawai, babu uban da ake tsammanin ya karanta littattafan.

"To, Malam, me ya sa aka rubuta cewa na san su?"

Mista Raymond ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya shi ma gadon layin ya yi daga wadda ta riƙe ajin kafin shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma a tsawon wannan lokaci iyaye fiye da dubu sun sa hannu, ba wanda ya taɓa tambaya.

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya," in ji Malam Munzali a hankali. Ya bayyana masa cewa a wurinsu wanda ya ce ya ga abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da a kan ƙaramin abu ne, kuma ba zai so ya saya wa 'yarsa kujerar ilimi da ƙarya ba. Haka nan ba zai so ta rasa kujerar saboda jinkirin karatunsa ba. Tsakanin waɗannan biyu yake tun Litinin. Ya roƙi a ƙara masa mako uku. Malamin ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, ofis ne ke rufe rajista.

Saura minti ashirin da biyar. Rumasa'u ta sunkuyar da kai, ta fara murza bakin mayafinta. Malam ya dube ta, ya ga yadda ta cije leɓe kamar ranar da aka fara kai ta makaranta, sai ya ji wani abu ya taɓa masa zuciya. Ya sunkuya ya yi 'yar addu'a. Sannan ya ɗago.

"Malam, kai ka karanta su?"

"Duk shekara."

"Dukansu, daga bango zuwa bango?"

"Wasu sau ashirin."

"To gaya mini abin da ke ciki wanda uba irina ba zai so ba. Kada ka rage komai."

Mista Raymond ya gyara zama. Ya ce akwai kisan kai, akwai cin amanar aure, akwai bokaye, akwai wani mutum a littafi na shida da ke jayayya da Mahaliccinsa shafi bayan shafi. Ya ce ba zai yi alkawarin cewa kowane mugu a cikinsu yana gamuwa da sakamakonsa ba, domin wasu suna tsira. Abin da zai iya cewa kawai shi ne ba ya koyar da su don a yi koyi da mutanen ciki, kuma ɗalibin da wani littafi ya yi wa nauyi yana iya neman a canza masa.

Rumasa'u ta runtse ido, ta tabbata magana ta ƙare. Amma fuskar mahaifinta sai ta saki. Mai son a sa masa hannu da gaggawa da ya ce ba komai a ciki. Wannan kuwa ya lissafa aibin kayansa da bakinsa, agogo na tafiya.

Malam ya zaro jan bironsa, ya ja layi a kan jimlar ƙarshe, ya rubuta a samanta da kyakkyawan rubutu: "Na karanta wannan takarda. Littattafan ban gama su ba. Malam Raymond ya karanta su, ya gaya mini abin da ke ciki bai ɓoye ba, na kuwa karɓi shaidarsa." Ya yi bisimilla ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata.

Mista Raymond ya karanta sau biyu. Ya ce ofis sa hannu suke dubawa, ga shi kuwa an sa. Sai ya juya takardar wajen Rumasa'u, ya nuna mata layin da aka ware wa ɗalibi a ƙasa. Ta fizgi biro da murna.

Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar.

"Kin karanta?"

Ta dubi malaminta ko zai cece ta, shi kuwa ya mayar da idonsa kan taga.

"Saura minti goma sha takwas," in ji Malam. "Shafi shida ne. Zauna."

Ta zauna ta fara daga shafin farko, yatsanta na bin layi. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar motocin makaranta da ke tashi a waje. Mista Raymond ya tsaya jim yana kallonsu, uba da 'ya. Can sai ya miƙa hannu a hankali, ya zaro wani kwafin daga kan teburinsa, ya sa tabarau, shi ma ya buɗe shafin farko.