Tagar Hagu

"Kada ka ja wannan waya, ta agogon jirgi ce," in ji Baba Attaher. Ni kuwa ina durƙushe bayan ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, saƙar gizo-gizo har cikin hancina.

Sunana Muktari, gyaran rediyo da tele nake yi. Daga Damagaram na zo Arlit neman abinci, Allah ya haɗa ni katanga ɗaya da wannan tsohon Ba'abzine. Dā shofer ne, wato direba, na wani injiniya Anasara. Da tawaye ya yi zafi Anasaran ya tattara nasa ya nasa ya tafi, ya bar masa ordinatar da alluna uku masu ƙatuwar ƙeya, da sandar tuƙi, da wasan tuƙa jirgin sama da ya koya masa. A shekarar nan rabin layinmu ya watse, an sallami ma'aikatan haƙar ma'adinai, fari ya cinye dabbobin ƙauye. Tsoho ba ɗa ba jika a gari, sai tari a ƙirji. Kullum bayan la'asar yakan tashi jirginsa daga filin Arlit ya nufi duwatsu, ni kuma in riƙa yi masa tsiya, mutumin da ko tsani ba ya iya hawa wai shi ne matuƙi.

Matsalar ɗaya ce. Katin hoton da ke cikin injin baki biyu gare shi. Allo ɗaya yana nuna gaba, ɗaya agogunan jirgi, na ukun yana zaune a hagu baƙi ƙirin. Abin da yake son gani kuwa a hagun yake, wani kwari bayan Gugaram inda aka binne matarsa Hawa kusa da mahaifinta. An dasa nakiyoyi a hanyar, ba mai zuwa. In ya juya allon gaba don ya leƙa hagu, kafin ya dawo da shi jirgin ya daki dutse.

"Na mutu a wurin nan ya fi a ƙirga," in ji shi, yana dariya yana tari. "Ka samo mini taga, Muktari, kafin mutuwar gaskiyar ta zo."

Na aika wa wani abokin sana'ata a Agadas ya nemo kati na biyu. Ya samo, amma mota ba ta tasowa sai da rakiyar soja, muka yi ta jira har tsoho ya daina fita masallaci. Ranar da katin ya iso, da kaina na ɗaga shi na zaunar a kujera. Na cusa katin, na jona waya, allon hagu ya yi ƙyafta-ƙyafta ya kawo. Ga fiffiken jirgi, ga ƙasa a ƙarƙashinsa.

Muka tashi. Ya riƙe sandar, bai kauce ba. Da muka shiga tsakanin duwatsu ya ce, "Nan ne."

Na duba, raina ya ɓaci. Ba rijiya, ba itace, ba kushewa, sai wani ja-ja-ja kamar an shafa kunun kanwa da ya ƙone. Wanda ya zana wasan nan bai san da mutane a wurin ba. Kunya ta kama ni, na buɗe baki zan ba shi haƙuri.

Sai na ga ya miƙe zaune, ya kama amawalin rawaninsa ya ja shi sama har ƙasan ido.

"Sanyi kake ji, Baba?"

"Surukina yana nan," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ba a wuce shi da baki a buɗe."

Ya karkata sandar kaɗan, jirgin ya fara kewaya kwarin. Ya yi magana da Tamajak, a hankali, yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Sunan Hawa kawai na gane. Na fita tsakar gida na tsaya, don zancen ba nawa ba ne.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya, na ji gurnanin jirgin ta katanga a lokacin da bai saba ba. Na yi sallama ba amsa. Na same shi a kujerar, hannu ya sauka daga sanda, amawali har ido. Ban taɓa komai ba sai shi.

Mu da muka sallace shi ba mu cika sahu ɗaya ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yau ma yana yi.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga in rufe ɗakin. Ba a ɗauke wuta ba. Jirgin yana nan yadda ya saita shi, yana kewayawa shi kaɗai, kwarin yana wucewa ta tagar hagu yana dawowa. Ban iya saukar da jirgi ba, bai taɓa koya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na zauna a gefen kujerarsa, na ja wuyan rigata na rufe bakina.