Kuɗin Ƙwanƙwasa Ƙofa

Kowa a layinmu ya san ba na shiri da tattabarun Clifford. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya kafa musu ɗaki a bayan gida, daidai inda na so in shuka furanni, kuma tun ranar ban fasa mita ba. Su ɓata mini shanya, su tashe ni da asuba da gurnaninsu. Shi kuwa mijin nawa, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin bas bai riƙe sunan fasinja ko ɗaya ba, ya san ranar da aka ƙyanƙyashe kowace tsuntsuwa. Akwai wata shuɗiya mai ɗigon fari a wuya, gwanar tsere, da ya raɗa wa Glenda Ƙarama, wai don ba ta bari a riga ta isowa gida, in ta iso kuma ba ta yin shiru. Glenda Babba ni ce.

A hunturun bara aka yi wa Clifford aikin ƙugu. Ina tsakanin asibiti da gida, harajin gida na wata biyu ya wuce ni, ƙaramar hukuma kuma ta miƙa bashin ga wani kamfanin masu karɓar bashi. Suka rubuto mana, suka ɗora fam saba'in da biyar na wasiƙar kawai. Na yi ta faɗa, amma laifina ne, ran Litinin muka biya duka muka huta.

Ashe ba mu huta ba. Bayan mako guda sai ga wata takardar: wai ma'aikacinsu ya zo gidanmu ranar Asabar, kwana biyu kafin mu biya, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Wai ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba ba a amsa ba, ya zura takarda ta kafar jefa wasiƙu da ke jikin ƙofar ya tafi. Kuɗin wannan zuwan fam ɗari biyu da talatin da biyar. In ba mu biya cikin kwana bakwai ba, za su zo su ɗebi kaya.

"Ƙarya ne," na ce. "Babu wanda ya zo."

"Glenda, a rubuce yake," in ji Clifford.

Haka yake. Ubansa ɗan haƙar kwal ne da bai taɓa cin bashin ko ashana ba, ya kuma raini ɗansa a kan cewa duk abin da aka buga a takarda mai tambari gaskiya ne. Kunyar a ce motar masu ƙwace kaya ta tsaya a ƙofarmu ta fi masa ciwon ƙugu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fita wurin tsuntsayensa.

Ran Alhamis da yamma ina wanke-wanke, ya sake su su sha iska. Suka yi kewayensu a saman rufin kamar kullum. Na dubi garken sau ɗaya, na ajiye soso, na fita da kumfa a hannu.

"Ina shuɗiyar?"

"Wace shuɗiya?"

"Clifford Ogden, kar ka raina mini hankali. Ashirin da ɗaya nake gani, ba ashirin da biyu ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya sayar da ita ga Malcolm, wani abokin tserensa da ke wani gari mil arba'in daga nan, a kan fam ɗari biyu da hamsin. Kuɗin suna cikin gwangwanin shayi, da safe zai je ya biya.

Ba sai an gaya mini ma'anar wannan ba. Tattabarar da ta girma a gida ɗaya, in an sayar da ita, ba a sake buɗe mata ƙofa har ta mutu, don ranar da aka buɗe gidanta na farko za ta nufa. Malcolm zai kulle ta ne ta yi masa ƙwai. Tsuntsuwar da ta ƙetaro teku daga Faransa a yini ɗaya za ta ƙare kwanakinta a akurki, shi kuma wannan tsohon zai riƙa leƙa gurbinta kowace safiya. Raina ya ɓaci. Na shiga na ɗauko gwangwanin na rungume.

"Sisi ba za su gani ba," na ce. "Ka goge takalminka, gobe muna da tafiya."

Da safe na fara buga wa kamfanin waya. Minti arba'in suna sa mini kiɗa a kunne, sannan wani saurayi ya ce na'urarsu ta nuna an zo. Na ce ya ba ni na'urar mu yi magana tunda ita ce mai ido. Ya kashe.

Na sa maƙwabciyarmu Beryl ta ɗauki hoton ƙofar gaba da wayarta, ciki da waje, ta ara mini wayar. Na cusa agogon tseren Clifford a jakar cefane. Akwatin katako ne mai nauyin tsiya: tsuntsuwa in ta sauka, a cire zoben roba daga ƙafarta a jefa ciki, a murɗa, ya buga lokacin a takarda. Clifford ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. A bas, da muka kusa sauka, ya raɗa mini, "Don Allah kar ki ɗaga murya."

A ofishin ƙaramar hukuma muka ja lamba muka jira. Wadda ta kira mu matashiya ce mai tabarau, an rubuta Misis Dhillon a ƙirjinta. Ta karanta takardar, ta ce cikin ladabi, "Ki yi haƙuri, Misis Ogden, tunda maganar ta koma hannun kamfanin, da su za ki yi."

"'Yar nan, wa ya aiko su? Ni ce?"

"Mu ne."

"To wanda ya aiki mutum shi ake kawo wa ƙararsa. Karanta mini wurin nan da kyau. Ta ina ya ce ya zura takarda?"

"Ta kafar wasiƙu a ƙofar gaba."

Na tura mata wayar Beryl. A layinmu ba a shiga gida ta gaba. Ƙofar gaba ta amarya ce da gawa, sauran jama'a ta baya suke zuwa, har mai kawo wasiƙu, akwai akwatinsa a jikin ƙyauren baya. Kafar wasiƙun tamu kuwa Clifford ya toshe ta da katako da ƙusa shida tun shekarar da sanyi ya kusa kashe uwarsa a falo, aka kuma bi ta da fenti har sau uku.

"Sai dai in da guduma ya zo," na ce.

Ta gyara tabarau ta ƙara girman hoton. Na ga bakinta ya motsa, ta danne dariya.

"Ba shi ke nan ba." Na ɗora agogon a kan tebur, ya yi dum, duk ofishin suka waiwayo. "Ranar Asabar ɗin ranar tsere ce. Nuna mata, Clifford."

Nan fa tsohon ya farfaɗo. Ya zaro 'yar takardar yana nuna mata da farce: Glenda Ƙarama, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da huɗu, ta biyu a cikin tattabaru ɗari uku. Har ya fara ba ta labarin iskar ranar, na taka masa ƙafa.

"Amma shi a baya yake," in ji Misis Dhillon. "Zai yiwu bai ji bugun ƙofa ba."

"Ni a gaba nake. A kan dakalin ƙofar, bayana jingine da ita, tun ƙarfe goma. Ban tashi ba sai saura minti biyu ko uku ta sauka. In mutumin nan ya ƙwanƙwasa wani abu da minti ashirin, to kaina ya ƙwanƙwasa."

"Kin tabbata ranar ce? An kwana biyu."

"Kowace Asabar ta tsere a nan nake zama."

"Hira take yi da Beryl," Clifford ya sa baki, wai yana taimako. "Ba ta iya jure mu ranar tsere, sai ta gudu gaba."

Da na yi shiru, da asirina ya zauna lafiya. Amma yarinyar ta ɗauki biro tana cewa ashe akwai shaida, sai a kira Beryl ɗin.

"Beryl tana gidan burodi duk Asabar har ƙarfe ɗaya," na ce. "Ni kaɗai nake zama."

"To me kike yi a wurin?" in ji Clifford.

Fuskata ta ɗauki zafi kamar ta yarinya. "Daga kudu suke zuwa, kai kuma rufi ya tare maka kudu. Daga gaba ana hango su tun suna saman tsohuwar masaƙa. In na ga ta farko sai in shiga in ɗora ruwan shayi."

Ya zuba mini ido. Shekara talatin da ɗaya, duk ranar da ya murɗa agogon nan ya juyo, sai ya tarar da kofin shayi yana tururi a kan katanga, kuma bai taɓa tambayar kansa ta yaya ba. Namiji ke nan.

"Na ɗauka dacewa ce," ya ce a hankali.

"Dacewa a gidanku."

Misis Dhillon ta yi tari ta koma ga na'urarta. Ta ce ma'aikatan suna ɗaura kyamara a ƙirji, za ta nemi kamfanin ya turo hoton zuwan, ta kuma dakatar da komai har su amsa. Da za mu tashi ta ce, "Ita ta biyun ce, wa ya zo na ɗaya?" Sai da na ja Clifford da hannun kwat.

Kwana goma sha biyu muka jira. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona, Clifford kuma yana ta rage cin abinci. Sannan wasiƙa ta zo: ba a samu hoton ba, kuma wai don nuna kyakkyawar niyya sun janye kuɗin. Kyakkyawar niyya! Ko kalmar haƙuri babu. Na so in koma in ji niyyar wa, amma akwai abin da ya fi wannan gaggawa.

Ni na buga wa Malcolm waya. Ya ja numfashi, ya ce ciniki ciniki ne, ya ce ya riga ya haɗa ta da namijinsa. Na ce ya tuna wa ya yi masa miya wata guda lokacin da matarsa ta rasu. Ya yi dariya ya ce, "Glenda, ke bala'i ce. Aiko kuɗin. Ba sai kun zo ba, ran Asabar ƙarfe goma zan buɗe mata. In ta zauna tawa ce, in ta tafi taku ce." Mako biyu ke nan tana can, kuma Clifford ya ce wasu sukan saba in sun samu miji.

Ran Asabar na fitar da kujerata gaban gida. Ban jima ba sai ga Clifford ya zagayo ta lungu, yana jan tasa kujerar.

"Koma baya, tsoho. In ta sauka ba kowa fa?"

"Yau ina so in ga abin da kike gani."

Muka zauna. Goma da rabi ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Ya daina duba agogon hannunsa, ya kama nawa hannun, a bainar jama'a, abin da bai yi ba tun muna zuwa rawa. Ni ma tsoro nake ji, ban dai faɗa ba.

Sha ɗaya da kwata na miƙe na kakkaɓe siket.

"Ina za ki?" Ya ɗaga kai yana lalube sama. "Ni ban ga komai ba, Glenda. Hayaƙi kawai nake gani."

"Zan ɗora ruwa," na ce.

Ya dube ni, ya sake duban sama. Sai ya watsar da sandarsa a kan dakali, ya kwasa ta lungu da sabon ƙugunsa, yana kiran sunana da ƙarfi, kuma na san ba da ni yake ba.