Kwabo a Bayan Fis

Akwai irin mutumin da in abu ya yi masa gargaɗi, ba ya tsayawa ya ji dalili, sai ya nemi yadda zai toshe wa abin baki. Shi a wurinsa dabara ce. A wurin masu hankali kuwa taurin kai ne tsagwaronsa, kuma shi ya kayar da Orval Kreps a gaban jama'a.

Orval manomin masara ne daga Nebraska, ya tsufa ya bar wa ɗansa gona. Duk shekara da sanyi ya fara cizo, shi da matarsa Lorene sai su ɗaure kaya su gangaro kudancin Texas, su yada zango a sansanin wata mata mai suna Graciela, cikin itatuwan lemo, tare da sauran tsofaffi masu gudun ƙanƙara. Motarsu irin mai ɗaki ce, gado da kicin da banɗaki duk a cikinta, kuma ta girmi 'ya'yansu duka. Orval yana ce mata Maybelle. Kowace safiya yakan goge mata fuska da tsumma, gatan da Lorene ta ce ita ba ta taɓa samu ba.

Daga waje Maybelle tana sheƙi. Amma bayan katakon bangonta wayoyin lantarki tun na masana'anta ne, sirara, robarsu ta bushe tana marmashewa, ɓerayen rumbu kuma sun ci rabonsu. Inda waya ta tsinke, Orval ya murɗa ya naɗe da salatif. In Lorene ta kunna butar shayi alhali hita na aiki, sai fis ya ƙone, irin tsohon fis ɗin nan da ake murɗawa kamar ƙwan fitila. Suna da gwangwanin kofi da suke ajiye sababbi a ciki, a ƙarƙashin kujera. Shekara da shekaru fis yana ƙonewa don kada motar ta ƙone, Orval yana zaginsa.

To, a sansanin akwai al'ada. Ran Bikin Godiya na Amurkawa kowa yakan kawo abin da ya dafa zauren taro, amma talotalo mutum ɗaya ne ke gasa wa kowa. Shi ke ɗaura jar rigar girki da Graciela ke ajiyewa, shi ke yanka nama a kan babban tebur, sannan har ƙarshen sanyi kujerar bakin taga tasa ce a wurin karta. Tun da aka san sansanin, rigar nan tana wuyan Hoyt, yayan Lorene, mutum mai baki kamar reza, mai sabuwar mota doguwa kamar bas. Orval ya daɗe yana haɗiyar yawu. Bana aka yi wa Hoyt aiki a gwiwa, likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Graciela ba ta rufe baki da tambayar wa zai karɓa ba, hannun Orval yana sama.

Hoyt ya dogara sandarsa ya dube shi sama da ƙasa. "Ango, kai za ka gasa? A cikin wancan kejin kajin?"

"Maybelle ta kai ni Alaska ta dawo da ni tun taka tana tama a cikin ƙasa."

"Ai shi ya sa. Kawo tsuntsayen cikin tawa, wuta ta wadata. Ka ɗaura rigarka, ba wanda zai ji daga bakina."

"Kafin a gama addu'ar cin abinci kowa ya ji. Na san ka, gurgu."

Lorene ta ce, "Yaya gaskiya ya faɗa, Orval."

"Shekara nawa Yayanki yana faɗin gaskiya, har yau ba ta gyara masa hali ba."

Ranar biki da safe Orval ya ari manyan tukwanen gashi na lantarki guda biyu, ya kwantar da talotalo a kowace, manya kamar 'yan raguna. Ya shafa musu man shanu, ya cusa musu burodi da albasa, ya jona tukwanen duka biyu a soket ɗaya na kicin. Ko ɗumi ba su yi ba, sai ƙas, fis ya tafi. Ya murɗa wani. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya sa na uku yana ƙunƙuni, shi ma ya ƙone. Da ya sake kai hannu gwangwani, sai ya ji ƙasansa. Kantuna kuwa duk a rufe, ranar hutu ce.

Lorene tana yanka kek ɗin kabewa, ba ta ko ɗago ba. "Motar tana gaya maka ba za ta iya ɗaukar biyu ba. Kai ɗaya wurin Yaya."

"In kai masa ya yi ta ba da labari har jana'izata?"

Ya tsaya gaban akwatin fis yana sosa ƙeya. Can sai fuskarsa ta washe. Ya tuna mahaifinsa a gona, lokacin da injin tatsar madara ke ƙona fis. Ya laluba aljihu ya ciro kwabo ɗaya na jan ƙarfe. Ya fita ya zare wayar motar daga turken wuta, don shi ma yana son ransa, ya dawo ya tura kwabon cikin ramin, ya murɗa mataccen fis a kansa don wuta ta bi ta kwabon, ya koma ya jona. Fitilun tukwanen suka kama, ja jawur, kuma ba su sake mutuwa ba.

"Me ka yi?" in ji Lorene.

"Ilimin gado. Baba ya yi shekaru yana yin haka."

"Ba rumbun Babanka ne ya ƙone shekarar aurenmu ba?"

"Tsawa ce."

"Cikin hunturu?"

Orval ya ɗaura jar riga ya fice. Ya zaga sansani kaf, yana gaida mutanen da bai saba gaisarwa ba, don dai a gani. Ya ƙwanƙwasa gilashin wannan mota, ya leƙa waccan rumfa, yana ce wa kowa a zo da yunwa.

Da ya dawo duba nama, ya tarar da Lorene ta dafa tafin hannu a bangon da ke bayan soket.

"Bangon nan da zafi."

"Texas muke, uwargida."

"Kana jin warin roba?"

"Sabon kayan ƙamshi ne na sa."

"Fuskar soket ɗin ta fara yin ruwan ƙasa, Orval. Jiya fara ce."

"Ke ma jiya ba haka fuskarki take ba. Ɗauki kek ɗinki ki kai zaure, ki bar maza su yi aiki."

Lorene ta yi masa irin kallon da aure mai tsawo ke koya wa mace. Ta ɗauki kek. Ta ɗauki jakar magungunansu, ta zare hoton jikoki daga bango, ta saɓa kyanwarta a kafaɗa.

"Ina za ki da kyanwa?"

"Ita ma tana da abin godiya."

Ba zaure ta nufa ba, wurin yayanta ta bi ta raɗa masa abin da ta gani. Hoyt ya ja kujerarsa ya dasa ta kusa da turken wutar Maybelle, ya ce nan inuwa ta fi daɗi.

Rana ta take tsaka. Maza suna wasan jifan takalmin doki na ƙarfe a fili, Orval a cikinsu da jar rigarsa, yana jifa yana bayanin yadda ake gane nama ya nuna. Yana tsakar magana Hoyt ya ɗaga murya daga kujerarsa.

"Ango, talotalonka yana shan taba ne?"

Orval ya waiga. Hayaƙi ne ke fita ta ƙofar iska da ke rufin Maybelle, ba fari irin na girki ba, baƙi mai kauri. Ya yar da ƙarfen ya ruga, gudun da bai yi irinsa ba tun yana saurayi. Ya fizgo abin kashe gobara daga bayan ƙofa, wanda ya zo tare da motar tun tana sabuwa. Ya matsa. Abin ya yi ɗan huci kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya yi shiru. Ya buɗe kabad ɗin da ke saman soket don ya ga inda wutar take. Wutar kuwa dama iska take jira. Ta yi masa sallama a fuska.

Ya fito da baya yana tari, ya rarumi tiyon ban ruwa.

Lorene ta daka masa tsawa. "Ajiye! Lantarki na ciki."

Hoyt ya riga ya miƙe. Ya saƙala kan sandarsa a wayar, ya fizge ta daga turke, ya koma ya zauna yana shafa gwiwa. "Yanzu zuba," ya ce. "Ka ga amfanin gurgu."

Maƙwabta suka fito da nasu abin kashe gobara, masu rai. Aka rufe tukunyar gas, aka janye motar da ke kusa. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, an ci ƙarfin wutar, amma ta riga ta bi cikin bango daga kicin har kan gado, ta huda rufi. Babu wanda ya ji ciwo, sai wanda ya nema.

Shugabar 'yan kwana-kwanan, wata doguwar mata mai sanyin murya, ta shiga ta duba. Jim kaɗan ta fito, jama'a sun yi da'ira. Ta buɗe tafin hannunta. Kwabo ne, ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya ɗan narke.

"Wannan na wane ne?"

Duk idanu suka tafi wuri ɗaya. Orval ya dubi ƙasa, ya dubi itatuwan lemo.

"Gadonsa ne," in ji Lorene. "Ba shi abinsa."

An ci biki duk da haka. Akwai dankali, akwai wake, akwai kek ɗin kabewa, Graciela kuma ta aika gidanta aka kawo tamale, wani irin alalen masara da nama, mai zafi tukunya guda. Wajen addu'a Hoyt ya gode wa Allah da ya ba kowa lafiya, ya kuma ba wasu darasi kyauta. Orval ya ce amin a ciki-ciki.

Ga abin da kwabo ɗaya ya saya masa. Talotalo biyu, da ba a san ɗanɗanonsu ba. Tukwane biyu na aro, da sai ya mayar da sababbi. Jar riga, da ta ƙone daga ƙirji zuwa aljihu. Graciela ta ɗinka wata, ta miƙa wa Lorene don baɗi. Girarsa duka biyu da rabin gashin baki. Maybelle, da aka ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan, gilashinta na gaba yana sheƙi har lokacin. Sauran sanyin kuma ya ƙare shi a motar Hoyt, a kan teburin cin abinci da ake kwantarwa ya zama gado, ƙafafunsa suna reto, kuma ba a bari ya taɓa ko makunnin fitila.