Man Ɗari Biyar

Babana bai taɓa cewa a cika masa tanki ba. Tun ina zama a kujerar baya ƙafafuna suna lilo, in ya shiga gidan mai sai ya sauke gilashi, ya miƙa takardar kuɗi guda, ya ce a sa masa na ɗari biyar. A wancan zamanin man ɗari biyar yakan kai mu bakin tafki ya dawo da mu. Mama tana gaba, bakin mayafinta yana kaɗawa ta taga, ni kuma barci yana ɗaukata yana sakina, itatuwa suna ta wucewa kamar su ne ke tafiyar ba mu ba.

Yanzu Mama ta rasu, idon Baba ya yi rauni, ni ke tuƙi. Abubuwa da yawa sun zube masa daga kai, amma ranar Asabar tana nan daram. Da hantsi zai sa hula, ya shiga mota ya zauna yana jirana, takardarsa a ninke a aljihun gaba. Ɗari biyar ɗin nan yau ko bayan gari ba za ta fitar da mu ba. To wa zai gaya masa? Abin da ya rage masa a duniya ke nan: shi ne yake sayen man da ke kai 'yarsa bakin ruwa. Ba na so in ga fuskarsa ranar da zai gane kuɗinsa ya daina kai kowa ko'ina.

Dogo ne ya fitar da ni. Shi ne dattijon da ke zuba mai a gidan man tun ina yarinya. Ran da na fara kawo Baba, ya zagayo ta tagata ya ce da ni ƙasa-ƙasa, in ina so a cika, in taɓa ɗan kunnena kawai, sauran kuɗin in kawo da yamma. Haka muka yi ta yi. Baba ya miƙa takardarsa, ni in taɓa kunne, Dogo ya tsaya daidai inda jikinsa zai kare lambobin famfo. Sai mu kama hanya, Baba yana yabon motarsa wai har yanzu ba ta shan mai.

Asabar ɗin nan muka tarar babu Dogo. Wata mata ce a wurinsa, sabuwa fil, har rigar aikinta ba ta saki karin guga ba. Baba ya ce a sa na ɗari biyar. Na taɓa ɗan kunne. Ta dube ni ta yi murmushi. Na sake taɓawa, na ja, na murza har kunnen ya yi zafi, baiwar Allah ta ce ai kuwa ɗan kunnen ya yi mini kyau. Don haushi kamar in fita in karɓe tiyon in zuba da kaina.

Famfo ya yi ɗan gurnani ya tsaya, ko numfashi ban gama saukewa ba. Na kunna mota. Allurar mai tana kwance inda take, jar fitila tana kallona. In na biya a gaban Baba na tona komai, in na ja mota kuma za mu tsaya a hanya. Na riƙe sitiyari ina jin warin fetur, rana tana rawa a kan gilashi.

Sai Baba ya leƙo ta gabana, ya yafito matar.

"'Yata, in mace ta taɓa kunne a motar nan, cikawa ake yi."

Ya koma ya jingina, ya gyara hularsa. Matar ta mayar da tiyo cikin tanki, ni kuma na kasa ko juyowa.

"Mamanki ce ta ƙirƙiro abin nan ita da Dogo," in ji shi. "Shekara da shekaru tana yi. Na ƙyale ta ne, Auta, don tana jin daɗin ta yi mini wayo."

Na biya sauran, shi ma ya miƙa ɗari biyar ɗinsa, matar ta karɓa da hannu biyu. Muka kama hanya. Itatuwan nan dai su ne, sai dai sun ƙara tsawo. Ya sauke gilashi iska tana shigowa, barci yana ɗaukarsa yana sakinsa, ni kuma ina share ido da bayan hannu don in ga titi.

Da ruwan tafki ya fara ƙyalli daga nesa, sai ya farka. Ya waiga kujerar baya, ya dube ni, ya rage murya.

"In mun koma gida, kada ki gaya mata na sani."

Na ce masa ba zan gaya mata ba.